Ko Kun Sani? Baƙar Fatan da Ya Zauna a Fadar Japan

A 1581 wani ɗan Afirka da aka sani da Yasuke ya isa birnin Kyoto tare da limamin Kirista ɗan Italiya, Alessandro Valignano. Jama'a suka yi ta tururuwar kallonsa. Oda Nobunaga, mai faɗa a ji a Japan a lokacin, ya ɗauka tawada aka shafa masa, sai ya sa ya tuɓe riga aka cuɗe shi da ruwa. Da baƙin ya ƙi fita, sai ya riƙe shi a fada, ya ba shi gida da takobi da albashi. Yasuke ya ɗan iya Japananci, kuma yana tare da ubangidansa har rasuwar Nobunaga a 1582.