Mutum-mutumin Tada da Tagullar da Muka Manta

Duk lokacin da aka tayar da zancen kayan tagulla na mutanen dā a ƙasar nan, sai hankalin jama'a ya koma Benin, kuma ba laifi. Sojojin Ingila sun wawashe fadarta a 1897, Jamus ta amince a 2022 ta miƙa wa Nijeriya mallakin kayayyaki fiye da 1,100, Holan kuma ta maido da guda 119 a 2025. Abin da ke damuna shi ne yadda mu 'yan bokon Arewa muke sauraron wannan labari kamar na maƙwabta, alhali kuwa ɗaya daga cikin mafi ƙayatarwar abubuwan da aka taɓa zubawa da ƙarfe a Afirka ya yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar Nupe, a ƙauyen Tada da ke bakin kogin Kwara.

Siffar mutum ce a zaune, tsawonta ya ɗan haura rabin mita. Ya ɗaura zane, ya naɗe ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ɗaga gwiwar ɗayar, irin zaman dattijon da ya saki jiki a zaurensa. Hannuwan sun karye, amma kafaɗa da tumbi da cinya suna nan kamar na mai rai. Masana sun kai shekarunta ƙarshen ƙarni na 13 zuwa na 14, kuma salon aikin ya sa suka danganta ta da maƙeran Ife. A bakin Nupawa kuwa, Tsoede, wanda ya kafa daularsu, shi ne ya zo da ita tare da sauran 'yan uwanta a lokacin da ya gudo daga Idah ta ruwa. Cikinsu akwai jiminai biyu da giwa, da kuma maharbin nan mai kwari a baya da aka ajiye a tsibirin Jebba. Mutanen Tada sukan kai mutum-mutumin bakin kogi ran Juma'a su goge shi da tsakuwa don neman albarkar haihuwa da kamun kifi, shi ya sa fuskarsa ta side.

A nan ne nake son mai karatu ya ɗan dakata. Ana kiransa na tagulla, amma kusan zallan jan ƙarfe ne, ba a gauraya shi da kuza ko tutiya ba. Duk maƙerin farin da ya san sana'arsa zai gaya maka bambancin. Gaurayayyen ƙarfe yana saurin narkewa, yana kuma kwarara cikin kowane lungu na mazubi. Zallan jan ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1,085 yake narkewa, yana shan iska, yana daskarewa da wuri, ya bar ramuka a jikin aiki. Mai zubin yakan fara gina siffar da yumɓu, ya lulluɓe ta da kakin zuma, ya sassaƙa ido da kunne da adon zane a jikin kakin, sannan ya sake rufewa da yumɓu ya gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye, sai a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Ba a ganin abin da aka yi sai an fasa mazubin, don haka dama ɗaya ce tak. In aka kuskure, aikin watanni ya tafi.

To, daga ina jan ƙarfen ya fito? Cikin wuraren da masana ke nunawa akwai Takadda, wadda ake ganin kufanta ne ke Azelik, a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar. Ibn Battuta ya sauka can a 1353, ya kuma ba da labarin yadda ake narka ƙarfen a cikin gidaje, a zuba shi sanda-sanda, a yi cefane da shi kamar kuɗi, a kuma yi fataucinsa zuwa Gobir da Barno. Ashe hanyar wannan haja ta ratsa ƙasashenmu tun kafin Turawan Fotugal su ga gaɓar tekun Benin.

Na san abin da ke sa wasunmu ɗari-ɗari, wato kallon waɗannan abubuwa a matsayin gumaka. Ba wanda ya ce a koma goge su ran Juma'a. Amma Misira ba ta bar addininta ba don ta adana kayan Fir'aunoni, kuma shaidar tarihi ce ke nuna wa jikokinmu cewa kakanninsu sun san ma'adinai da awon zafi da fatauci mai nisa. Bature Leo Frobenius da ya ga kan tagulla a Ife a 1910 ya kasa yarda baƙar fata ne ya yi shi, har ya jingina shi ga ɓatacciyar ƙasar Atlantis. Ya kamata mu fi shi sanin namu.

An baje mutum-mutumin Tada a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan a 2010, dubban mutane suka yi layi suka gan shi. Ina so in ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta yi irin wannan baje koli a Bidda ko Kaduna ko Gidan Makama na Kano, da tsaro mai ƙarfi da bayani cikin Nupanci da Hausa, a kuma gayyato maƙeran tagulla na Bidda su zauna a gefe suna aiki, 'yan makaranta suna kallo.