Kula da Kwale-kwalen da Ake Kwana a Cikinsa a Fadamun Nguru da Gashuwa

Gabatarwa

A yankin Nguru da Gashuwa, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala a fadamu kafin su haɗe su zama kogin Yobe, kwale-kwale yakan zame wa manomi ɗaki. Idan ruwa ya cika, daga watan Agusta zuwa Oktoba, akwai manoman shinkafa da masunta da kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, ba su leƙa gida ba. A cikin jirgi suke ajiye hatsi da tabarma da koma, a nan kuma suke kwana in tudu ya yi nisa. Irin wannan jirgi yana buƙatar kulawa fiye da na fito, domin yoyon da mai fito zai kwashe da ƙwarya da rana, shi ne ke cika jirgi da dare mai shi yana barci. Wannan bayani an shirya shi ne domin malaman gona da manoma.

Inda lalacewa ke farawa

Yawancin ɓarnar da ake gani da damina, da rani ta fara. Katako yana kumbura in ya sha ruwa, yana kuma tsukewa in ya bushe. A wajejen Gashuwa, inda ruwa ke ja sosai da rani, akan bar jirgi a kan rairayi ya sha iskar hunturu da ranar bazara. Sai haɗin katako ya buɗe, ƙusoshi su saki, gara kuma ta shiga ta ƙasa. Jirgin sassaƙa, na maɗaci ko na rimi, shi kuma tsagewa yake yi daga goshi.

A ɓangaren Nguru lamarin ya ɗan bambanta. Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ake saki da rani ya sa wurare da dama a mashigin Marma ba sa bushewa, ciyawar kachalla kuma ta mamaye su. Jirgin da ke nan yakan shekara a cikin ruwa, don haka ruɓewa ce matsalarsa, ba tsagewa ba. Ya kamata malamin gona ya fara tambayar manomi inda jirginsa ke wuni da rani kafin ya ba shi shawara.

Duba jirgi da gyaransa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Mayu zuwa Yuni, kafin aikin gona ya yi yawa. A fitar da jirgi, a kankare gansakuka da laka, a bar shi ya sha iska a inuwa. Daga nan a bi shi da tsinin wuƙa ana dannawa, musamman a gindi, da wajen haƙarƙari, da kewayen ƙusoshi. Duk inda wuƙa ta shige ba wahala, katakon ya ruɓe, kuma cire shi za a yi. Shafa kwalta a kan ruɓaɓɓen katako ɓoye ciwo ne kawai.

Wajen toshe haɗi, a cire tsohon liƙi gaba ɗaya, a murɗa auduga ko zaren buhun algarara a cusa a hankali, sannan a bi da narkakkiyar kwalta. Kada a cusa da ƙarfi fiye da kima, domin katakon zai kumbura in ya koma ruwa, matsin kuma na iya ɓalle ƙusa. Inda tsagar ta yi faɗi, akan ɗora yankin kwano a kan kwaltar a buga da ƙananan ƙusoshi kusa-kusa. A nemi ƙusar da ba ta saurin tsatsa ko da ta fi tsada. Ƙusa mai tsatsa tana cinye katakon da ke kewaye da ita.

Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako, in ma ta kama sai ta rufe danshi a ciki. A narka ta nesa da jirgi, kuma kada a zuba mata fetur don a tsinka ta. Baƙin man mota da wasu ke shafawa ba ma goyon bayansa: yana wankewa cikin ruwan da ake kamun kifi ana shayar da dabbobi. A Ingila ma, masu zama a cikin jiragen magudanan ruwa sukan fitar da su duk bayan shekara biyu ko uku a shafe musu gindi da kwalta, alhali jiragensu na ƙarfe ne. Namu na katako, a wannan zafi, duk shekara ya kamata.

Bayan gyara a kife jirgi a kan gungume, kamar kamu ɗaya daga ƙasa, a rufe da zana. Kwana biyu ko uku kafin a fara aiki a sa shi a ruwa mara zurfi ya jiƙu, a ga inda ke yoyo tun ba a ɗora kaya ba.

Inganta jirgi don kwana

Gyaran da ya fi amfani, ya kuma fi araha, shi ne daɓen katako wanda ake iya ɗagawa. Yana raba shimfiɗa da hatsi da ruwan da ke taruwa a gindi, yana kuma ba da damar kwashewa safe da yamma. Kada a buga shi da ƙusa, in ba haka ba ba za a ga yoyo ba sai ya yi nisa.

Rumfa a yi ta gajera, da sanduna marasa nauyi da tabarma ko tamfol, yadda za a iya naɗe ta. Doguwar rumfa tana tare iska, guguwar farkon hadari kuma ba ta jiran kowa. Gidan sauro mai magani ya zama na kwana kawai, ba na kamun kifi ba. Ƙaramar fitila mai caji da hasken rana ta fi aci-balbal aminci a jirgin da aka shafe da kwalta.

Girki a tudu ya fi. In ya zama dole a yi a jirgi, a ɗora murhu a kan faranti mai cike da rairayi, a buɗe rumfa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, don haka kada a kwana da garwashi a rufaffiyar rumfa ko da sanyi ya tsananta. Ruwan sha a tafasa, a kuma rage shiga ruwan da ke kwance saboda tsargiya.

Kowane ƙari nauyi ne. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, ga hatsi, ga itace, ga buhunan shinkafa a ranar komawa gida. Shawararmu ita ce manomi ya ja layi da fenti a jikin jirgi, aƙalla taƙi ɗaya ƙasa da baki, kada ruwa ya haura shi. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a tsakiya.

Batun inji

Kafin a ɗaura inji a ƙarfafa katakon baya, domin girgiza tana kwance ƙusa. Injin da ya fi ƙarfin jirgi hasara ce ta mai da ta katako. A bi littafin injin wajen haɗa fetur da man inji. A wuraren kachalla, ciyawa kan naɗe farfela ta kuma toshe kafar da inji ke jan ruwan sanyaya. In ɗan ruwan da ke tsartuwa ta baya ya tsaya, a kashe inji nan take a share. Fetur a ajiye shi a ƙarshen jirgi, nesa da murhu. Filafili da sandan tuƙi kada a bar su a gida.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya daga nitsewa. Inda rigar ta yi wa manomi tsada, ƙungiyar masunta na iya sayen kaɗan ana karɓa-karɓa, tare da sanin sarkin ruwa. Kafin a samu, a ɗaure jarkoki biyu marasa komai, masu murfi, a inda hannu zai kai gare su.