Daskarewar Dusar Ƙanƙara da Rayuwar Hausawa Mazauna Ƙasashen Sanyi

Harshen Hausa yana kiran duk ruwan da ya daskare da suna ɗaya, wato ƙanƙara, ko wadda ke faɗowa tare da ruwan bazara ta kakkarya shuka, ko wadda ake saye a bakin titi cikin watan azumi domin sanyaya abin sha, kuma daga wannan suna aka samo dusar ƙanƙara, saboda abin da ke zuba a ƙasashen sanyi ya yi kama da dusa wajen laushi da rashin nauyi. Sunan ya dace da ita a ranar da ta zuba, amma yana ɓoye halin da take komawa bayan ruwan sama ya sauka a kanta sannan sanyi ya tsananta, lokacin da take zama dunƙule mai tauri kamar dutse, mai santsi kamar gilashi. Wannan hali na biyu shi ya fi shafar Hausawan da ke zaune a Amurka da Kanada da arewacin Turai, kuma shi ne wanda baƙo ya fi jahilta.

Masana yanayi suna rarrabe abin da ke faɗowa daga sama a lokacin sanyi gwargwadon ɗumin iskar da ya ratsa kafin ya iso ƙasa. Idan iskar tana ƙasa da digiri 0 tun daga girgije har doron ƙasa, dusa ce ke zuba; idan akwai shimfiɗar iska mai ɗumi a tsakani, dusar takan narke ta zama ɗigon ruwa, sannan abin da zai biyo baya ya danganta da kaurin iska mai sanyi da ke dab da ƙasa. Mai kauri takan sake daskarar da ɗigon tun yana sama, ya faɗo kamar tsakuwa, shi ne tsakuwar ƙanƙara. Marar kauri kuwa takan bar shi ya iso a matsayin ruwa wanda sanyinsa ya wuce na daskarewa, ya daskare nan take a kan duk abin da ya taɓa, itace ne ko waya ko kwalta, shi ne ruwa mai daskarewa. Sabuwar dusa mafi yawanta iska ce, domin nauyinta bai cika wuce kashi 1 cikin 10 na nauyin ruwa ba, amma idan ruwa ya cike guraben da ke cikinta ya daskare, sai ta doshi nauyin ƙanƙara tsantsa, wadda ke kai kilo 917 a kowace kubik mita. A wannan matsayi shebur ba ya kama ta, kuma gishirin da ake barbaɗawa a kan hanya ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 9 a ƙarƙashin sifiri.

Hausawan da wannan yanayi ke riska sun fito daga Nijeriya da Nijar da zangunan Gana, kuma ana samun su a unguwannin Bronx da Harlem na birnin Niyok, da Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suka yi yawa, da Toronto da Montreal a Kanada, da kuma biranen Jamus. Masanin halayyar al'umma Paul Stoller ya rubuta littafi a 2002 kan 'yan kasuwar Afirka ta Yamma a Harlem, cikinsu har da Hausawan Nijar, waɗanda aka tashe su daga bakin titi na 125 a shekarar 1994 aka mayar da su kasuwar titi na 116. Sana'o'in da baƙi da yawa ke farawa da su, kamar tuƙin tasi da kai saƙon abinci a kan keke da kasa kaya da jinyar tsofaffi a gidajensu, duk na mai fita ne, kuma ladansu na ranar da aka fita ne kawai. Saboda haka makon da titi ya daskare yakan bar mutum tsakanin zama a gida ba kuɗin shiga, alhali ga kuɗin haya ga iyali a Kano ko Maraɗi ko Kumasi suna jiran aike, da kuma fita a kan hanyar da zamewa ɗaya kan iya karya wuyan hannu ko ƙugu. Mafi haɗari ita ce baƙar ƙanƙara, wato siririn daskararren ruwa mai haske wanda launin kwalta ke bayyana ta cikinsa har mai tafiya ya ɗauka jiƙa ce kawai, kuma takan fara kama gadoji, domin iska mai sanyi tana ratsa su ta sama da ta ƙasa.

Tarihin ƙasashen da kansa ya nuna girman abin. Daga 5 zuwa 10 ga Janairun 1998 ruwa mai daskarewa ya yi ta zuba a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, har kaurinsa ya kai milimita 100 a wasu wurare, ya karya kimanin turakun lantarki na ƙarfe 1,000, ya bar miliyoyin mutane cikin duhu, wasu na tsawon makonni, har gwamnatin Kanada ta tura sojoji fiye da 15,000 domin agaji. A ranar 5 ga Afrilun 2023 irin wannan ya sake afka wa lardin Quebec, inda gidaje da wuraren aiki fiye da miliyan 1 suka rasa wuta, kuma hakan ya faɗo ne a tsakiyar watan Ramadan, lokacin da iyalan Musulmi da yawa suka dogara da murhun lantarki wajen sahur da buɗa-baki.

Yankewar wuta ita ce ke fito da wani haɗari da ya samo asali daga ilimin da Bahaushe ya taho da shi daga gida. Hunturun ƙasar Hausa busasshe ne, alamominsa ƙura da hazo da kaushi da faso, kuma maganinsa tun kaka da kakanni shi ne kaskon garwashi da jin ɗumi, a ɗakunan da iska ke shiga ta ƙofa da taga da rufi. Gidajen ƙasashen sanyi kuwa an toshe su ne da gangan domin kada ɗumi ya fita, saboda haka gawayin da aka kunna a cikinsu, ko janaretan da aka tayar a gareji, yakan cika su da kabon monoksayid, iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ta kashe mai barci bai farka ba. Bayan ƙanƙarar da ta afka wa Karolina ta Arewa a Disambar 2002, likitocin yankin sun lura cewa kaso mai yawa na waɗanda suka shaƙi gubar baƙi ne da suka kunna gawayi a cikin ɗaki. Haka nan mota da aka tayar domin jin ɗumi alhali daskararriyar dusa ta toshe mata salansa takan mayar da hayaƙin cikinta.

Ibada ma tana da nata rabo, domin sanyin dare yana kai maƙura ne dab da fitowar rana, wato daidai lokacin da dattawa ke fita sallar Asuba, kuma ruwan da ya narke da rana a lokacin ya riga ya sake daskarewa a matakala da bakin masallaci. Shari'a ta yi sauƙi a nan, tun da ya tabbata a sunna cewa akan yi sanarwa mutane su yi salla a gidajensu a daren sanyi ko ruwa, kuma malaman Malikiyya sun halatta haɗa Magariba da Isha'i a masallaci saboda ruwan sama, amma mutumin da ya yi shekara arba'in bai rasa jam'i ba yana buƙatar ya ji wannan daga bakin limaminsa kafin zuciyarsa ta natsu. Jana'iza kuma, wadda Musulunci ya so a gaggauta, takan gamu da ƙasar da ta daskare zuwa zurfin fiye da mita 1 a wurare kamar Montreal, sai maƙabarta ta yi amfani da injin fasa ƙasa ko na'urar ɗumama ta kafin a haƙa kabari, abin da kan jawo jinkirin da ke ƙara wa dangin da ke gida damuwa idan ba a yi musu bayani ba.

Akwai kuma wajibai na doka waɗanda rashin sani ba ya yafe su. A Niyok mai gida ko mai kanti yana da awa 4 bayan tsayawar dusa, ban da tsakanin ƙarfe 9 na dare da 7 na safe, ya share hanyar ƙafa da ke gabansa, kuma idan ta daskare har ba ta ɗebuwa, doka ta ba shi damar barbaɗa yashi ko toka ko dusar katako. A Jamus ana yawan ɗora wannan nauyi a kan ɗan haya ta cikin yarjejeniyar haya, wanda kuwa ya yi sakaci har wani ya faɗi yana iya biyan diyya. A Quebec wajibi ne mota ta sa tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Hikimar waɗannan dokoki ɗaya ce: dusar da aka kwashe tun tana da laushi aikin rabin awa ce, wadda aka bari ta sha ruwa ta kwana kuwa tana iya zama har sai yanayi ya juya.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja suka kafa tsarin mai masauki, wanda ke sauke baƙo a zango, ya nuna masa kasuwa, ya faɗa masa abin da garin ke so da abin da ba ya so. Wannan tsari bai mutu ba, domin har yanzu ɗan gari ɗaya ne ke tarbar sabon zuwa a filin jirgi, ya ba shi katifa, ya nema masa aiki, sai dai abin da masaukin ya ƙunsa ya ƙaru. Haƙƙin baƙo a ƙasar sanyi ya haɗa da a saya masa takalmi mai kama ƙasa kafin dusar farko, a koya masa tafiya da gajeren taku hannuwa a waje da aljihu, a tabbatar da na'urar gargaɗin iskar guba tana aiki a ɗakinsa, a kuma faɗa masa da Hausa cewa gawayi ba ya shiga ɗaki komai tsananin ɗari. Iyaye mata da ake gayyatowa domin zaman jego sun fi kowa buƙatar wannan, kasancewar sukan iso da silifa da mayafi, ba su jin harshen da ake gargaɗi da shi a rediyo da waya, ga shi kuma ƙashin mai shekaru ba ya jure faɗuwa. Masallatai da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda suka riga suka iya tara kuɗin suna da na jana'iza, su ne suka fi cancanta su mayar da wannan ilimi darasin da ake maimaitawa duk watan Nuwamba, tun kafin ruwa ya sauka a kan dusa.