Yaron da Madara Ba Ta Karɓe Shi Ba

A Jidda akwai Hausawa masu yawa. Kakannin waɗansunsu sun zo aikin hajji ta ƙasa, suka bi ta Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya, suka zauna. Har yanzu matansu suna dama koko da kunu. Amma in an yaye yaro, galibi madarar shanu ta kanti a kan ba shi, irin ta Almarai, ko nonon da Larabawa ke kira laban. Madara ita ce wadda ba ta yi tsami ba, in ta kwana ta yi tsami ta zama nono.

To, ba kowane yaro madara ke karɓa ba. In Bahaushe ya ce abinci bai karɓi mutum ba, watau in ya ci sai ya wahala. Wahalar nan iri biyu ce, likita ne zai bambanta su.

Ta fari, cikin yaro ya kasa narka sukarin da ke cikin madara. Sai ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, zawo ya biyo baya. Ga ƙananan yara wannan ya kan zo ne bayan ciwon gudawa, ya kan kuma wuce cikin 'yan makonni. Irin wannan yaro sau da yawa ya kan iya shan kindirmo kaɗan, domin tsami ya rage sukarin.

Ta biyu ta fi haɗari. A nan jiki ne ya ke ƙin furotin ɗin madara, watau abin da ke gina jiki a cikinta. Sai ka ga borin jini, ko amai, ko jini a kashi. In leɓe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, sai asibiti nan da nan. Wannan yaro ba madara, ba nono, ba man shanu, ba cuku. Madarar akuya da ta tunkiya ma ba su yi, gama furotin ɗinsu kusan ɗaya ne da na saniya.

Waɗansu su kan ce a ba shi nonon raƙumi. Gaskiya ne furotin ɗinsa ya bambanta, amma yana da sukarin nan, ɗanyensa kuwa yana ɗauke da cuta. A Jidda aka fara gane cutar numfashi ta MERS a 2012, daga baya aka tarar raƙuma ke ɗauke da ita. Saboda haka ba a ba yaro sai da shawarar likita, sai kuma an tafasa.

Me za a ba shi ke nan? In bai isa yaye ba, uwa ta ci gaba da ba shi mama har shekara 2. In ya wuce shekara 1, madarar waken soya wadda aka ƙara wa kalsiyam ita ta fi kusa da ta saniya, muddin shi ma waken ya karɓe shi. Kalsiyam shi ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Likitocin Amurka sun ƙayyade wa ɗan shekara 1 zuwa 3 miligiram 700 a yini, kofi guda na madarar nan kuwa yana da wajen 300. Sauran a cika da awara, da riɗi, da ganyen zogale, da kifin gwangwani mai laushin ƙaya. A haɗa masa da ƙwai da wake da nama.

Kunun aya da madarar shinkafa farare ne kamar madara, amma kama da wane ba wane ba ne. Su kan cika ciki, ba su gina jiki. Ta shinkafa ma likitocin Ingila sun hana a ba yaron da bai kai shekara 5 ba.

Yawancin yaran nan kafin su isa shiga makaranta jikinsu ya daina ƙin madara. Amma kada uwa ta gwada shi a gida. Likita ne zai faɗi ranar da za a sake ɗanɗana masa.