Yadda Manhaja Ke Gwada Gada Tun Kafin a Zuba Kankare

Duk wanda ya san Miga ya san abin da damina ke yi wa hanya. A 2022 ambaliyar kogin Hadejia ta ci gonaki da tituna a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa, har da Miga. A irin wannan fadama, gada ce ke kai shinkafa kasuwa, ta kai mai naƙuda asibiti.

Yawancin gadojin yanzu, a gefe ake zuba dogayen bim ɗinsu na kankare. Idan sun bushe a jera su kan ginshiƙai, sannan a zuba dakin, wato shimfiɗar da mota ke takawa. Amma kafin a sayi siminti ko buhu ɗaya, injiniya ya riga ya gina gadar a manhaja irin su STAAD.Pro, CSiBridge ko MIDAS Civil.

Ana zana saman gadar kamar raga: layukan tsawo su ne bim, na faɗi su ne dakin, kowanne da kaurinsa da ƙarfin kankarensa. Sai a ɗora motar gwaji bisa ƙa'idar BS 5400 ta Birtaniya, wadda injiniyoyin Najeriya suka daɗe suna bi, a riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan. Manhajar za ta nuna yadda nauyin ke rarrabuwa, da bim ɗin da ya fi shan wuya. Sau da yawa na gefe ne, idan tirela ta raɓi bakin gada.

Inda sababbin shiga ke tuntuɓe shi ne jerin aiki. Ranar da aka zuba dakin, ɗanyen kankare kaya ne kawai, bim kaɗai ke ɗauke da shi. Sai ya bushe suke zama jiki ɗaya. Wanda ya shigar da gadar a kammale tun farko, manhaja za ta ba shi lanƙwasa da matsin da ba su kai na gaskiya ba, kuma ba za ta gargaɗe shi ba.

Saura ruwa. Cikar kogin Hadejia ta danganta da ruwan sama, da abin da madatsun Tiga da Challawa suka saki, da kachallar da ke toshe magudanai. Da HEC-RAS, manhajar kyauta ta injiniyoyin sojan Amurka, ake lissafa inda ruwa zai kai da yadda zai zaizaye gindin ginshiƙi. Mai sha'awar fannin na iya farawa da ita, amma tana buƙatar kwamfuta mai Windows, waya ba ta ɗauka.