Yadda Ake Harhaɗa Manhaja Daga Tushenta a Wayar Android, Ko da Babu Sabis

Ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta samu sabis ranar 1 ga Oktoba, amma garuruwa irin su Tsafe, 'Yankuzo da Bunguɗu sai da suka ƙara jira. Duk mai koyon rubuta manhaja a yankin nan ya ga abu ɗaya a lokacin: yawancin kayan aikinmu ba a hannunmu suke ba. Umarni guda na sauke manhaja, idan babu intanet, bai da wani amfani.

Wannan darasi zai nuna maka yadda ake ɗaukar manhaja a matsayin rubutun da masu ita suka rubuta, a harhaɗa ta a cikin waya tare da duk abin da ta dogara da shi. Wanda ya iya wannan, kuma ya ajiye kayan a wayarsa, zai iya gina manhajar ko da sabis ko babu.

Mene ne harhaɗawa?

Mutum yana rubuta manhaja da yare irin su C ko C++. Wannan rubutu shi ake kira kod na tushe. Furosesar waya ba ta fahimtarsa, sai an juya shi zuwa yaren na'ura. Manhajar da ke wannan juyi ita ce kompaila, aikin kuma shi muke kira harhaɗawa. Fayil ɗin APK da kake saukewa an riga an harhaɗa shi a kwamfutar wani, kai dai ka karɓi dafaffe ne.

Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda aka ba kowa damar karanta kod ɗinta, ya gyara, ya rarraba. Richard Stallman ya sanar da shirin GNU a 1983 a Amurka, kompailar GCC ta fito a 1987, Linus Torvalds kuma ya saki Linux a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan. Android ɗin da ke hannunka a kan Linux aka gina ta, shi ya sa wannan aiki yake yiwuwa a waya.

Yaren na'ura ba iri ɗaya ba ne. Yawancin kwamfutoci furosesar Intel ko AMD gare su, wayoyi kuwa ARM. ARM ɗin ma kashi biyu ce, akwai mai bit 64 akwai mai bit 32, kuma ƙananan wayoyi masu Android Go da yawa a kan bit 32 suke aiki. Abin da aka harhaɗa wa Intel ko AMD ba ya tashi a kan ARM, na bit 64 kuma ba ya tashi a kan bit 32. Kod na tushe kuwa guda ne, kowace na'ura ta harhaɗa nata.

Madogara: daga miya zuwa kalwa

Babu mai rubuta komai da kansa. Idan manhaja tana son buɗe hoto ko matse fayil, sai ta ari kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta. Irin wannan kod na aro shi ake kira laburare, kuma duk laburaren da manhaja ba ta tashi sai da shi, madogararta ne.

Mai miyar kuka tana buƙatar daddawa. Mai daddawa kuma tana buƙatar kalwa. Ranar da kalwa ta yanke a kasuwa, miya ce ke shan wahala, duk da mai miyar ba ta taɓa sayen kalwa da hannunta ba. Haka madogara take: tana da tata madogarar.

Hakan ya taɓa faruwa a zahiri. A watan Maris 2016 wani mai rubuta manhaja ya cire ɗan ƙaramin laburarensa mai suna left-pad daga rumbun npm. Layi 11 ne kacal, amma dubban ayyuka a duniya suka kasa haɗuwa, domin sun dogara da abin da ya dogara da shi. Su laburare ɗaya ne ya ɓace musu. Mu a nan idan aka ɗauke sabis, rumbun ne gaba ɗaya yake ɓacewa.

Abin da za mu gina

Za mu gina cwebp, ƙaramar manhaja da ke juya hoto zuwa tsarin WebP wanda Google ya fitar a 2010. Amfaninta rage nauyin hoto, kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairu 2025, kowane megabait abin lissafi ne. Jerin madogarar ga shi: cwebp tana cikin kunshin libwebp. Kafin ta karanta hoton PNG, irin wanda waya ke ajiyewa idan ka ɗauki hoton allo, tana buƙatar libpng. Shi kuma libpng yana buƙatar zlib, laburaren matse bayanai da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1995. Don haka daga ƙasa ake farawa: zlib, sai libpng, sai libwebp.

Abin da za ka tanada tun akwai sabis

Na farko, manhajar Termux, wadda ke ba ka allon rubuta umarnin Linux a kan Android ba tare da ka fasa tsaron wayar ba. Ka sauke ta daga F-Droid ko shafinta na GitHub. Bayan ka buɗe, rubuta:

pkg update
pkg install clang make pkg-config
termux-setup-storage

Clang ita ce kompailar da Termux ke amfani da ita. Tana da nauyi, gara ka sauke ta da datar dare ko inda ka samu Wi-Fi. Make ita ke tsara abin da za a fara harhaɗawa da abin da zai biyo baya. Tun 1976 Stuart Feldman ya ƙirƙire ta, har yau ana aiki da ita. Umarni na uku yana ba Termux izinin shiga ma'ajiyar waya.

Na biyu, kunshin kod guda uku masu ƙarewa da tar.gz, kowanne daga shafin masu shi: zlib, libpng da libwebp. Duka ukun ba su kai megabait 10 ba. Ka ɗauki kunshin da aka saki a hukumance, domin shi ke zuwa da fayil ɗin configure a shirye.

Ka kwafe su zuwa cikin gidan Termux kafin ka fara. Android ba ta barin a tayar da manhaja daga ma'ajiyar da hotuna da bidiyo suke, don haka idan ka tsaya a foldar Download za ka yi ta ganin saƙon Permission denied.

cp ~/storage/downloads/*.tar.gz ~/
mkdir ~/kaya

Foldar kaya ita ce inda duk abin da muka gina zai zauna, don kada ya cakuɗa da kayan Termux.

Mataki na ɗaya: zlib

tar xf zlib-*.tar.gz
cd zlib-*/
./configure --prefix=$HOME/kaya
make
make install
cd ..

Waɗannan umarni uku na tsakiya su ne ginshiƙin aikin. Configure yana bincika wayarka: wace kompaila ce, wace furosesa, waɗanne laburare ake da su. Make yana harhaɗawa. Make install yana kwashe sakamakon zuwa inda ka nuna da prefix. Idan ka leƙa foldar kaya za ka ga include, inda fayilolin da ke ƙarewa da .h suke, su ne ke gaya wa kompaila abin da laburaren ya iya. Za ka kuma ga lib, inda ainihin laburaren yake.

Mataki na biyu: libpng

Yanzu sai an nuna wa libpng inda zlib ɗinmu yake, domin ba zai leƙa foldar kaya da kansa ba.

export CPPFLAGS=-I$HOME/kaya/include
export LDFLAGS=-L$HOME/kaya/lib
export PATH=$HOME/kaya/bin:$PATH
tar xf libpng-*.tar.gz
cd libpng-*/
./configure --prefix=$HOME/kaya
make -j2
make install
cd ..

Layin farko yana nuna wurin fayilolin .h, na biyu wurin laburare, na uku wurin manhajojin da muka gina. Idan ka rufe Termux ka sake buɗewa, sai ka maimaita layukan nan uku. Alamar -j2 tana nufin a yi aiki biyu a lokaci ɗaya.

Mataki na uku: libwebp

tar xf libwebp-*.tar.gz
cd libwebp-*/
./configure --prefix=$HOME/kaya

Dakata a nan, kada ka yi gaggawar rubuta make. A ƙarshen configure akwai taƙaitaccen rahoto da ke jera nau'in hotunan da cwebp za ta iya karantawa. Nemi layin PNG ka tabbatar an rubuta yes. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama sababbin shiga: idan libwebp bai ga libpng ba, ba ya tsayawa, sai ya ci gaba ya gina maka cwebp da ba ta buɗe PNG. Komai zai tafi lafiya lau, sai ranar da ka ba ta hoto ta ce ba ta san shi ba. Idan ka ga yes, ci gaba:

make -j2
make install
cwebp -q 75 hoto.png -o hoto.webp

Kwatanta nauyin fayilolin biyu da umarnin ls -lh. Layin JPEG a rahoton zai iya nuna no, domin ba mu gina laburarensa ba. Wannan aikin gida ne: nemi libjpeg-turbo, wanda shi da CMake ake shirya shi maimakon configure, ka gina shi a foldar kaya, sannan ka sake harhaɗa libwebp.

Idan abu ya tsaya

Saƙon kuskure yakan zo da tsawo, amma layin farko da aka rubuta error shi ne mai laifin, sauran 'yan rakiya ne. Idan ya ambaci fayil mai .h ya ce ba a same shi ba, madogara ce ba a gina ba, ko CPPFLAGS bai nuna wurinta ba. Idan ya ce undefined reference ko undefined symbol, an ga fayil ɗin .h amma ba a ga laburaren ba, sai ka duba LDFLAGS. Idan an gama gini amma manhajar ta ƙi tashi da saƙon CANNOT LINK EXECUTABLE, rubuta export LD_LIBRARY_PATH=$HOME/kaya/lib ka sake gwadawa.

Akwai kuma matsalar wayar kanta. Harhaɗawa tana cin batir tana zafafa waya, don haka ka fara da cikakken caji. Rubuta termux-wake-lock don kada aikin ya tsaya idan allo ya mutu. Daga Android 12 zuwa sama, tsarin wayar yakan kashe ayyukan bayan fage idan sun yi yawa, sai ka ga saƙon signal 9. Idan haka ta faru, cire -j2 ka sake rubuta make. Ba daga farko za ta fara ba, daga inda ta tsaya za ta ɗora.

Wani kod ɗin kuma da kwamfutar Linux a zuciya aka rubuta shi. Linux na kwamfuta yana amfani da babban laburaren glibc, Android kuma tana da nata mai suna Bionic, kuma ba komai ne suka yi daidai a kai ba. Idan wata manhaja ta ƙi haɗuwa a waya duk da madogararta ta cika, sau da yawa nan ne gizo ke saƙa.

Nauyin da ka ɗauka

Termux tana da libwebp a shirye a rumbunta, kuma ga aikin yau da kullum, idan akwai sabis, pkg install ya fi sauƙi kuma ya fi aminci. Dalili shi ne wanda ya harhaɗa da kansa, shi ke da alhakin sabuntawa. A Satumba 2023 an gano wata babbar ɓaraka a cikin libwebp ɗin nan, wadda hoto guda da aka shirya da mugun nufi zai iya bi ta cikinta. Sai da Chrome, Firefox da Signal suka fitar da gyara cikin gaggawa, aka toshe ta a libwebp 1.3.2. Wanda ya gina tsohon kunshi ya ajiye, babu wanda zai gyara masa sai shi. Kada ka ɗauki abin da ya gaza 1.3.2, kuma duk lokacin da sabis ya samu ka duba ko an saki sabo.

Sannan buɗaɗɗen tushe ba ya nufin babu mugu. Ranar 29 ga Maris 2024 injiniya Andres Freund ya bayyana cewa an dasa ƙofar sata a xz 5.6.0 da 5.6.1, kuma a cikin fayilolin da ke tafiyar da harhaɗawa aka ɓoye makunninta. Duk lokacin da ka rubuta ./configure, kana ba rubutun wani damar aiki a wayarka. Ka sauke daga shafin masu manhajar, kuma inda suka wallafa lambar tantancewa, kamar yadda shafin zlib yake yi, ka rubuta sha256sum da sunan fayil ka kwatanta. Idan ko harafi ɗaya ya bambanta, goge fayil ɗin.

Yi ajiya

Kompaila ita ce abu ɗaya da ba za ka iya samarwa ba idan sabis ya ɗauke. Bayan komai ya yi aiki, ɗaure Termux ɗinka gaba ɗaya a fayil guda:

tar -zcf /sdcard/termux-ajiya.tar.gz -C /data/data/com.termux/files ./home ./usr

Ka ajiye shi a memori tare da APK na Termux da kunshin kod ɗin nan uku. Aboki zai iya karɓa ta Xender, amma ku fara rubuta dpkg --print-architecture a wayoyin biyu. Idan amsar ta zo ɗaya, misali aarch64 da aarch64, ajiyar za ta yi masa aiki. Idan ta bambanta, kod ɗin kaɗai zai amfane shi, sai ya samu kompaila daga mai waya irin tasa. Kafin ka ba wani, ka tabbatar babu kalmar sirri ko makullin SSH ɗinka a cikin foldar home, kuma ka rubuta lambar fitowar kowane kunshi a ɗan fayil don ku san abin da ya tsufa.