Kiwon tarwaɗa a Jigawa: Yadda abincin makonnin farko ke kawo riba ko asara

Ga matashin da ya haɗa jarinsa ya kafa tankin tamfol ko na siminti a gari irin Aujara da ke Ƙaramar Hukumar Jahun, sayen ’ya’yan tarwaɗa ne mafi sauƙi a harkar. Babban aikin shi ne ciyar da su na tsawon wata huɗu zuwa shida, domin abinci kaɗai na lashe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kiwon.

Kasuwa kuwa akwai ta. Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya bisa uku na hakan ba. A Jigawa ma kamun kifi a fadamar Haɗeja zuwa Nguru ya ragu tun bayan gina madatsun ruwa na Tiga da Challawa da kuma mamayar ciyawar kacala. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur kuma darajar Naira ta faɗi a 2023, farashin buhun abincin kifi ya yi tashin gwauron zabi.

Inda ake fara asara

Ƙaramar tarwaɗa na buƙatar abincin da sinadarin gina jiki, wato furotin, ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin 100. Idan aka ba ta wanda bai kai haka ba a makonnin farko sai ta tsumbure, kuma da wuya ta kamo sa’o’inta ko an gyara abincin daga baya.

Girman ƙwayar ma yana da muhimmanci. Ana farawa da ƙwayar da ba ta kai milimita 1 ba, a koma milimita 2, a riƙa ƙarawa har zuwa 6 ko 9. Idan ƙwayar ta fi bakin wasu girma, manyan ne kaɗai za su ci. Tarwaɗa kuma tana cin ’yar uwarta, don haka waɗanda suka tsere wa saura a girma sai su koma haɗiye ƙananan. Shi ya sa ake tace su kusan duk mako biyu, a ware manya daban.

Nawa ya kamata a zuba?

Ana auna abincin ne da nauyin kifin. Ƙanana na cin kimanin kashi 5 cikin 100 na nauyinsu a rana, a raba sau uku ko huɗu. Misali, kifi 1,000 masu nauyin giram 10 kowanne sun zama kilo 10, abincinsu na yini rabin kilo ke nan. Idan sun girma sai a rage zuwa kashi 2 ko 3, safe da yamma.

Zuba abin da ya wuce kima asara biyu ce. Kuɗi ya tafi, ragowar kuma ta ruɓe ta gurɓata ruwan. Wannan ya fi faruwa lokacin hunturu. Tarwaɗa ta fi ci idan ɗumin ruwa na tsakanin maki 26 zuwa 30, amma a sanyin Disamba da Janairu cinta na raguwa sosai. A lokacin gara a jira rana ta ɗaga, a kuma rage mudun.

Mai araha ko mai tsada?

Da abinci mai inganci, kilo 1.2 kan iya samar da kilo ɗaya na kifi. Mai neman kilo 1,000 zai sayi buhu 80 mai kilo 15. Idan abincin mai rauni ne har sai an ci kilo 2 kafin a samu kilo ɗaya, buhunan za su haura 130, ga ƙarin makonni na tunkuɗo ruwa da sayen mai. Nan ne ake cewa araha ba ta ado.

Amma haɗin gida ba laifi ba ne idan an san kan sa, kuma Jigawa na da kayan. Waken suya na da sinadarin laisin amma yana da ƙarancin mesayonin, tunkuzar riɗi kuwa akasin haka take, don haka idan aka haɗa su sai ɗaya ya cike giɓin ɗaya. Dole a soya waken tukuna, saboda ɗanyensa na hana narkewar furotin. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuma yana ɗauke da gubar da ke lalata hantar kifi. Duk da haka ba a rabuwa da ɗan garin kifi a haɗin, kuma ya fi dacewa a bari sai kifin ya tasa kafin a sauya masa, a hankali cikin ’yan kwanaki.

Darasi daga bakin teku

A Filifin da Indonesiya ana kiwon wani kifin teku da ake kira kifin zomo saboda kamannin bakinsa, wanda Suwahilawan Kenya ke kira tafi. Ciyawar teku ce cimarsa, don haka kiwonsa bai dogara da garin kifi kamar na masu cin nama ba. Takwaransa a ruwanmu ita ce ƙarfasa, wadda idan ta tasa furotin kimanin kashi 30 ya ishe ta. Matsalarta ita ce ba ta jure ƙarancin iska a ruwa kamar tarwaɗa, don haka ta fi son faffaɗan kududdufi a kan matsattsen tanki.

Mai son farawa zai iya neman shawarar malaman gona na JARDA ko sashen nazarin kifi na Jami’ar Tarayya da ke Dutse. Kafin nan, ya lissafa kuɗin abincin wata shida tun bai sayi ɗan kifi ko ɗaya ba. Mai kuɗin ciyar da 300 idan ya zuba 1,000, abinci zai yanke masa a wata na uku, ya sayar da su ƙanana a farashin da ’yan sari suka ga dama.